Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Iyayenmu Sarakunan Hausawa, Limamai Da Alhazan Kasuwa Na Gabashin Sudan, A Kan Masu Wankin Ƙoda

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranku ya daɗe, iyayenmu sarakuna. Allah ya gafarta malamai. Alhazan kasuwa, Allah ya ƙara buɗi. Ina gaishe ku tun daga Gadarif har Kasala, daga Sinnar da Mai Wurno har Damazin. Ina neman afuwa tun kafin in fara, domin a gidan da na tashi 'ya mace ba ta tsayawa gaban manya ta ja dogon zance. Na san abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. Sai dai akwai abin da ba a hango shi daga nesa, sai wanda ya zauna a bakin gado. Ni kuwa tun 2021 nake zaune a bakin gadon mahaifina sau biyu kowane mako, ina kallon jininsa yana fita ta wata roba yana komawa ta wata.

Baba mai agashe ne, wato gasasshen nama mai yaji irin tsire. Ya fi shekara 30 yana hura gawayi da la'asar a Wad Madani, har Larabawan unguwa kan ce yajinsa ya fi na kowa. Hawan jini ya daɗe a jikinsa bai sani ba. In kai ya sara masa, sai ya leƙa kantin magani a yi masa allurar kashe ciwo ya koma bakin wuta. Ranar da ƙafafunsa suka ƙi shiga takalmi, amai ya ƙi tsayawa, muka kai shi asibiti, likita ya duba takardar gwaji ya ce ƙodojin biyu duk sun gaza. Daga ranar kalmar "gasil" ta shigo gidanmu, wato wankin ƙoda, ba ta kuma fita ba.

Kun san abin da ya biyo baya. Yaƙi ya ɓarke a Hartum ranar 15 ga Afrilun 2023, masu wanki na can suka kwararo Madani, layi ya ninka. A Disamba na wannan shekarar Madani ita ma ta faɗi. Muka fito da abin da hannu zai iya ɗauka, da jakar takardun Baba. Kwana 9 ya yi ba wanki. Wanda bai taɓa gani ba ba zai gane ba. A kwana na biyar ya daina iya kwanciya, sai dai ya jingina da bango ya yi gyangyaɗi, domin da zarar ya miƙe ruwan da ke ƙirjinsa sai ya shaƙe shi. Numfashinsa ya koma warin fitsari. Yana ta sosa jiki har da jini. Da muka iso Gadarif aka rubuta sunansa a jerin masu jira, aka ce mana gurbi ba ya samuwa sai wani ya yi tafiya ko ya rasu. Allah ya yafe mini, na kama kaina ina sauraron labarin gadon da zai zama babu kowa.

Kafin in kawo kuka, bari in faɗi gaskiya a kan ma'aikatan. Na ga sistocin da suka yi watanni ba albashi suna zuwa aiki tun asuba. Wata rana wuta ta ɗauke ana tsakiyar wanki, janareta ya ƙi tashi, injuna suka hau kuka gaba ɗaya. Jinin da ke cikin roba ba ya jira. In ya tsaya sai ya daskare, maras lafiya ya yi asararsa, shi da dama jinin bai ishe shi ba. Wata sista ta durƙusa gaban injin Baba ta kama famfon tana juya shi da hannu a hankali, gumi na ɗiga daga haɓarta, har ta mayar masa da jininsa kaf, sannan ta ruga gado na gaba. Ban san da bakin da zan gode mata ba. Don haka wasiƙar nan ba ta zagin kowa ba ce.

Amma lissafin ba ya ɓuya. Ƙodar mai lafiya tana aiki dare da rana, awa 168 a mako. Abin da likitocin duniya suka tsayar wa mai wanki shi ne sau 3 a mako, awa 4 kowane zama, awa 12 ke nan. A Sudan tun kafin yaƙi sau 2 aka saba yi, awa 8. Da yaƙi ya zo, akwai makonnin da aka rage mana zama zuwa awa 3, akwai na awa 2, akwai makon da sau ɗaya tak aka yi, don filta ta ƙare ko don a samu a raba injin da wani. Kafin yaƙi masu wanki a ƙasar nan sun haura 8,000, kuma mafi yawan cibiyoyin suna Hartum da Jazira, inda wutar ta fi ci. Kayan aiki na shigowa ta Bur Sudan, har da taimakon Cibiyar Sarki Salman ta Saudiyya da Hukumar Lafiya ta Duniya, wani lokaci su iso a kan kari, wani lokaci a yi ta zuba ido. Wannan duka ya fi ƙarfinku, ya fi ƙarfina. Ban zo in ce ku tsayar da yaƙi ko ku sayo injuna ba. Abin da na kawo muku shi ne wanda ke hannunmu, muka bar shi ya zube.

Akwai wata tsohuwa da gadonta ke kusa da na Baba ranar Asabar da Talata. Daga wani ƙauye take a bakin kogin Rahad, jikanta ne ke rako ta, yaro ɗan shekara 13. Ƙa'ida ce kowa ya zo sai ya hau sikeli tukuna, domin bambancin nauyin da aka sallame ka da shi da wanda ka dawo da shi, shi ne ruwan da ya taru a jikinka, shi injin zai janye. An sallame ta ranar Asabar tana kilo 48. Ranar Talata sikeli ya nuna 53. Sista ta ɗaga murya tana ta maimaita "moya, moya", wato ruwa da Larabci, tana nuna mata ƙafafunta da suka yi suntum. Tsohuwa ta yi murmushi ta ce, "Kwayyis, alhamdu lillahi." Wato lafiya lau. Iyakar Larabcinta na asibiti ke nan, da shi take amsa kowace tambaya, ko ana tambayarta jiri, ko ciwon ƙirji.

Na matsa kusa na ce, "Iya, me kika sha tun ranar Asabar?"

Ta juyo da sauri ta kama hannuna. "Ashe ke tamu ce? 'Yar nan, wallahi ruwa ban sha ba, sai na kurkure baki. An ce kada in sha, na bari. Kunu kawai nake sha safe da yamma, sai ɗan shayi, sai rubutun da malam ya aiko mini, ƙwarya ɗaya."

Wata 8 tana zuwa wurin nan, ba a samu wanda ya gaya mata da harshen da take ji cewa kunu ruwa ne, shayi ruwa ne, miya ruwa ce, kankana ma ruwa ce ba. Sista ta faɗa, ba ta yi ƙarya ba, amma maganar ba ta isa ba. Shi kuwa janye kilo 5 cikin awa 3 azaba ce: jini ya faɗi, ƙafafu su ɗaure, amai ya taso, mutum ya sauko daga gado kamar an yi masa duka. Shi ya sa take ce wa jikanta injin nan shanye ta yake yi, shi ya sa wani makon take ƙin zuwa. Daga ranar da muka zauna na zana mata layi a jikin gorar roba, na ce daga asuba zuwa asuba kada duk abin da zai bi maƙogwaronta mai ruwa ya wuce nan, sai ta riƙa dawowa da kilo 2. Ta daina amai a kan gado. Ba magani aka ƙara mata ba.

Ƙa'idar da likitoci ke bayarwa ita ce kamar rabin lita a yini, a ƙara da gwargwadon fitsarin da mutum ke yi, in yana yi. Ku auna wannan da zafin Gadarif na watan Afrilu, lokacin da ake haura digiri 40. Baba ƙanƙara yake tsotsa, gutsure ɗaya bayan azahar, ɗaya bayan la'asar, yana lumshe ido kamar yaro da alewa. Kuma gishiri ne ke kiran ƙishirwa, don haka mutumin da ya rayu a kan yaji yanzu lami yake ci.

Takardar abinci da ake rabawa da Larabci take, kuma abincin da ta sani ta lissafa: ayaba, dabino, lemu, tumatir, dankali, ful. Ba ta san kanwa ba, ba ta san daddawa da dunƙulen miya ba, ba ta san miyar kuka da zogale ba, ba ta san ƙuli-ƙulin da ke cikin yajin agashe ba, balle godogodo da nono. Alhali abin da ke tukunyarmu ke nan. Wasu cike suke da gishiri, wasu da sinadarin fotasiyam, wanda in ya taru a jinin mai ciwon ƙoda yakan tsayar da zuciya ba sallama, wasu kuma da fosforas mai sa ƙaiƙayi da raunin ƙashi. Ba cewa na yi duk a haramta su ba. Likita ne zai ce wannan kaɗan, wancan a bari, dankali a yanka a tafasa a zubar da ruwan farko. Amma yaya likita zai yi hukunci a kan abin da ba a taɓa gaya masa ana ci ba?

Saboda haka roƙona na farko mai araha ne. Muna da 'yan makaranta da ɗaliban jami'a da yaƙi ya zaunar a gida, suna jin Hausa suna jin Larabci. Sarki ya kira su, a raba musu kwanaki, kowane zaman wanki a samu mutum ɗaya, mace ga mata, namiji ga maza, da izinin shugaban cibiya. A zauna da likita da mai ilimin abinci a fassara takardar nan a kan tuwonmu da miyarmu, a ɗauke ta da murya a tura ta WhatsApp, tunda yawancin iyayenmu da kunne suke karatu.

A nan zan ɗan karkata ga 'yan'uwana da ke cikin farin kaya, tunda na san wasiƙar za ta kai gare su. Na taɓa gaida wata ma'aikaciya da Hausa, na san gidansu, na san kakarta, ta amsa mini da Larabci ta wuce. Ban riƙe ta ba. Duk wanda ya tashi a nan ya san abin da ake ji in an kira mutum da sunan da ba na yabo ba a filin makaranta, ya san dalilin da ya sa wasunmu ke ajiye harshensu a ƙofar gida kamar takalmi. Amma 'yar'uwa, "Iya, ina ke miki ciwo?" kalma biyar ce. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Allah ya gafarta malamai, ku ne ake ji fiye da likita, kun kuma sani. Ba na cikin masu cewa a daina rubutu. Roƙona, in na mai wankin ƙoda ne, a wanke allon da cokali biyu na ruwa, albarkar ba a yawan ruwan take ba. Haka zamzam da 'yan'uwa ke aikowa daga Makka, a ba shi kurɓi, a shafa masa saura. Ku faɗa a kan mumbari cewa Allah ya ɗauke wa maras lafiya azumi, wanda ciwonsa ba mai warkewa ba ne ya ciyar. Na ga dattijon da ya ƙi zuwa wanki don kada azuminsa ya karye, ya sha ruwa da dabino bakwai da kofi biyu na abre, abin shan da ake buɗa baki da shi, aka kawo shi da tsakar dare a sume. Ku kuma taya mu kashe maganar nan da ta zama ruwan dare, wai wanda aka fara wa wanki ya gama yawo. Ita ke sa mutane gudu har sai an ɗauko su ranga-ranga, a soka musu gastara a wuya cikin gaggawa, robar da ke shiga babbar jijiya kai tsaye, wadda ƙwayar cuta ke bi ta shiga jini. Wanda ya yarda da wuri, ana yi masa fistula a hannu, a haɗa jijiyoyi biyu, a bar ta mako 6 zuwa 8 ko fiye ta nuna. Ta fi aminci nesa ba kusa ba. Ta Baba tana hannun hagu. In ka ɗora yatsa sai ka ji tana zuuu kamar ƙudan zuma a kwalba, jikoki har layi suke yi su saurara. Kullum da asuba sai ya taɓa ta kafin ya ɗauki buta, domin ranar da ta yi shiru, ranar asibiti ce ba jira. Ba a awon jini a hannun, ba a ɗibar jini, ba ya kwanciya a kansa. Shekara huɗu ke nan da ɗoriya, yana nan, yana jan carbinsa, yana faɗa da mu a kan gishiri.

Yanzu ga maganar da ta fi ci mini rai, ranku ya daɗe.

Mu jikokin matafiya ne. Bayan yaƙin Burmi a 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya jawo jama'a har bakin Shuɗin Nilu, garin da ke ɗauke da sunansa yana nan. Kafin su da bayansu, alhazai sun yi ta ratsowa da ƙafa ta Junaina da Fashir da Ubayyid suna neman Sawakin, wasu su shekara goma a hanya. Abin da ya riƙe su shi ne zango. Duk inda Bahaushe ya sauka, akwai mai masauki, akwai tabarma, akwai ƙwaryar fura, ba a tambayarsa ɗan gidan wa ne. Yau jikan mai masaukin nan ne ke kwana a gindin dogon yaro a bayan katangar asibiti, da gastara a wuya, ƙura na bugunta, don motar ƙauyensu ba ta isowa kafin zaman asuba, kuma ba shi da kowa a gari. A garin da muke da unguwanni sukutum.

Ana cewa wanki kyauta ne a cibiyoyin gwamnati, kuma gaskiya ne, ba a karɓar kuɗin inji. Amma hanya ba kyauta ba ce, sau 8 ko 9 a wata, mutum biyu, zuwa da dawowa. Gwaji ba kullum yake kyauta ba. Allurar ƙarin jini, wadda ke maye gurbin sinadarin da ƙoda ke yi don jiki ya haifi jini, in ta yanke a cibiya sai ka saya a waje, kuma sanyi take so, sai ka roƙi maƙwabci mai firji. Ga maganin hawan jini, ga na ƙarfe, ga ƙwayar da ake haɗiya tare da abinci. A Fabrairun 2024 da layukan waya suka ɗauke, Bankak, manhajar tura kuɗi ta waya, ya tsaya cak, ɗan abin da yayana ke turowa daga Jidda ya maƙale, a makon na sayar da 'yan kunnen Inna. Mu ke nan da muke da wani a waje.

Sannan ga damina. Kun san baƙar ƙasar Gadarif in ta sha ruwa, babbar mota ma sai ta nutse har gindi. Tsohuwar nan tawa, da ruwa ya sauka sosai, hanyarsu ta yanke. Asabar ba ta zo ba, Talata ba ta zo ba, wata Asabar ɗin aka ba wani saurayi gadonta. Bayan kwanaki jikan ya zo shi kaɗai, ya same ni a benci, ya ce Iya ta rasu a gida, a zaune, tana jingine da bango. Ya miƙo mini gorar nan mai layi, wai ta ce a mayar wa malama. Na tambaye shi yadda aka yi makoki. Ya ce an kafa rumfa kwana uku, an yanka raguna, mutane sun zo har daga Kasala a kan tarakta, an zagaya da kashif, takardar gudummawa, kowa ya rubuta abin da ya kawo.

Hanyar da ta hana ta zuwa wanki ba ta hana mu zuwa ta'aziyya ba. Kuɗin da aka tara a kashif ɗin nan da ya kama mata ɗaki a gari damina guda. Ba na ƙin zaman makoki, zumunci ne. Ina roƙo ne a buɗe kashif ɗin tun mutum yana numfashi.

Alhazai, ku da kuke auna riɗi da dawa da buhu dubu a kasuwar amfanin gona, gida ɗaya muke nema kusa da kowace cibiya: ɗaki huɗu, bayi mai tsabta, tankin ruwa, ƙaramin firji mai aiki da hasken rana don allura. Raksha ɗaya, wato babur mai ƙafa uku, da direba mai amana da zai ɗauko masu zaman asuba ya mayar da masu zaman dare, domin wanda ya sauko daga inji jiri yake ji, ba ya iya tsayuwar jiran mota. Bayan abin da Diwanin Zakka ya karɓa, a ware wani abu da kaka a sa a asusu mai littafi, wanda za a karanta a masallaci kowane wata, don kada ya bi sawun asusan da muka sani. Samarinmu masu ƙwallo da masu kokawa a rubuta rukunin jininsu, in an nemi ledar jini a san ƙofar da za a buga. Dattawan da ba su da lambar ɗan ƙasa, ko takardunsu suka ƙone a gudun hijira, sarakuna su tsaya musu tun kafin ranar da za a tambaye su a bakin teburin rajista.

Akwai kuma aikin da rawani kaɗai zai iya. Mai wanki ba ya ƙorafi. Ransa na rataye da gurbi, yana tsoron in ya buɗe baki a ce ya nemi wani wuri, ko da ba wanda ya taɓa ce masa haka. Sai ya haɗiye. An rage masa awa, ya haɗiye. An ɗebi jininsa wata uku bai ji sakamako ba, ya haɗiye. An buɗe ƙirjin matarsa a gyara gastara ba labule, maza na kallo daga gadajen da ke fuskantarta, ya sunkuyar da kai. Ni kaina na haɗiye da yawa. Amma sarki ba ya neman gurbi. In ya shigo sau ɗaya a wata da limami da mutum biyu, ya gaida marasa lafiya gado gado, ya zauna da shugaban cibiya cikin mutunci ya yi tambaya, za a amsa masa.

Tambayoyin ba su da wuya. Awa nawa aka yi wa mutane a wannan watan, in an rage, me ya jawo? Yaushe aka gwada ruwan? Wannan ba ƙaramar tambaya ba ce: a zama ɗaya na awa 4, kimanin lita 120 na ruwa ke wucewa ta gefen jinin mutum, ba abin da ya raba su sai wata fata mai sirantaka a cikin filta, don haka dole a tace shi tas. In mutum ɗaya ya kama rawar ɗari a kan inji, a duba gastararsa. In mutum biyar suka kama rana ɗaya, a duba ruwa. Yaushe aka yi wa kowa gwajin ciwon hanta, kuma masu nau'in B suna da injinsu daban? An yi wa sauran rigakafi? Wa ke gaya wa maras lafiya sakamakonsa, da wane harshe? Sau da yawa amsar za ta zama "babu gas", "babu labule", "babu kuɗin gyaran matatar ruwa". To, a nan ne alhazai za su shigo. Labule yadi nawa ne?

Ni dai littafi na saya, irin na 'yan aji uku. Kowane zama ina rubuta nauyin shiga, nauyin fita, awon jini, awa nawa aka yi, me ya faru. Da muka canza gari, littafin nan ne ya yi wa Baba magana gaban sabon likita. Kowane mai wanki ya kamata ya samu irinsa, wanda ba ya rubutu ɗalibin da ke tafinta ya rubuta masa.

Ba zan tsawaita a kan rigakafi ba, sai abu uku da na gani da idona a ɗakin nan. Hawan jini da ciwon suga su ne suka cika gadajen, kuma ba sa sallama; na'urar awon jini ɗaya a ƙofar masallaci bayan Juma'a za ta kama mutane da yawa irin Baba tun da sauran gyara. Allurar kashe ciwo irin su Voltaren da ake yi kamar shan shayi tana cin ƙoda. Sai baƙin sibga da ake zubawa a lalle don ya yi baƙi wuluk: guba ce, in ta shiga ciki tana kumbura maƙogwaro ta kashe ƙoda cikin kwanaki, kuma a kan tagar ɗakunanmu take inda yara ke kaiwa. Lokacin kwalarar 2024 ma mun ga waɗanda zawo ya ƙafar da su har ƙoda ta tsaya, don an makara da ruwan gishiri da suga.

Saura dashe. An fara dashen ƙoda a Sudan tun 1974, kafin yaƙi ana yi a Bahri da Madani. Da yaƙi ya zo, mai hali Masar yake tafiya, waɗanda aka riga aka yi wa kuwa suna farautar ƙwayar da ke hana jiki ƙin baƙuwar ƙoda, wadda ba a tsallake ta ko kwana ɗaya. Majalisar Fiƙihun Musulunci da ta zauna a Jidda a 1988 ta halatta mutum ya ba ɗan'uwansa gaɓa irin wannan in ba za ta halaka shi ba, ta haramta sayarwa. Malamai su faɗi duka biyun, domin dillalai na yawo inda talauci ya yi yawa. Ni na ce wa Baba zan ba shi tawa. Ya dube ni ya ce, "Wa zai aure ki da ƙoda ɗaya?" Na kawo masa likita ta gaya masa cewa mai ƙoda ɗaya lafiyayya tana rayuwa, tana aure, tana haihuwa, sai dai a riƙa duba ta. Ya saurara har ƙarshe, ya gode mata, da ta fita ya ce in ɗauko masa ƙanƙararsa. Har yau a nan maganar take. Wataƙila in ya ji daga bakin limami ya sake tunani, tunda daga bakina 'ya ce ke magana.

An ƙwato Madani tun Janairun 2025, maƙwabtanmu da yawa sun koma. Mu muna nan, domin Baba ya ce ba zai saki gurbin da ke hannu ya bi wanda ba a tabbatar masa ba.

Zamanmu na gaba ranar Talata ne, na asuba, ana fara hawa sikeli bayan an idar da salla. Wanda ya samu zuwa cikinku zai tarar da mu masu jinya a waje, gefen tankin ruwa. Ya taho da kujerarsa, benci ɗaya ne kuma ƙafarsa guda bulo ce. Gorar Iya tana cikin jakata, zan nuna masa layin.

Wassalam.

'Yarku,
malamar firamare, mai jinyar mahaifinta,
Gadarif.